Labarin Zuciyar Kwaɗo

Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya ke so ya ga yadda wannan magana ta ke aiki har a kan dabbobi, ya je Wudil ran Juma'a ya ratsa kara. Can zai ga dillali ya dubi bijimi sau ɗaya tak ya ce wa yaransa, "Wannan mafaɗaci ne, ku sa masa igiya biyu." Zai ga saniyar da aka raba da maraƙinta tana kuka tana waiwaye, ga kuma wani sa ya kafe ƙafafu a bakin mota, ana ja ana turawa ya ƙi hawa. Duk cikin taron nan, da mai saye, da mai sayarwa, da ɗan kallo, ba wanda zai tsaya gardama da kai a kan ko saniya tana jin tsoro. Kunnenta ya faɗa, idonta ya faɗa, wutsiyarta ma ta faɗa.

To, bar kara ka gangara bakin kogi. Kogin Kano da na Calawa sun haɗu tun kafin su iso gadar Wudil, daga nan ruwan ya miƙa zuwa Ringim da Haɗeja, har ya watsu cikin fadamun Nguru. Da damina, in magariba ta yi, duk tsawon wannan hanya kwaɗi ne ke da magana. Ɗauki ɗaya daga cikinsu ka dube shi da kyau. Ido a waje, baki har kunne sai ka ce mai murmushi. Sa shi cikin ruwan sanyi, fuskarsa ke nan. Ba yaro shi ya ɗaura masa zare a ƙafa ya yi ta ja cikin rana, fuskarsa dai ke nan. Ashe karin maganar nan tamu ta zo inda ba ta da abin cewa. In kwaɗo yana da labarin zuciya, ba a fuskarsa aka rubuta ba. Wa za mu tambaya ke nan?

Wani zai ce, ina ruwan mutum da zuciyar kwaɗo, ga yunwa ga tsadar hatsi? Da a ce kwaɗi suna can cikin fadamarsu mu muna nan cikin gidajenmu, da tambayar ta zama ta masu neman abin hira kawai. Amma ba haka abin ya ke ba. Ana kama kwaɗi yanzu da yawan da kakanninmu ba su taɓa zato ba. Babban kwaɗon nan na ruwa da a ke kira bududdugi ya zama haja. A kan bi shi da dare da tocila, a cika buhuna, a shanya ko a ƙyafe, a yi lodinsa zuwa kasuwannin Kudu inda a ke cinsa. A shekarar 2010 waɗansu masana na Jamus da na Nijeriya suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan wannan ciniki. Sun tambayi mutum 32 kawai cikin masu sana'ar, suka lissafa kwaɗin da ke ratsa hannunsu, suka sami fiye da miliyan 2 da dubu 700 a shekara guda. Ban da wannan, ga kwaɗin da a ke tarawa a makarantu domin ɗalibai su feɗe su ga yadda cikin dabba ya ke, ga kuma dubbai da a ke kiwo a ɗakunan gwaji na duniya. Ko wane ɗaya daga cikinsu, tsakanin kamu da mutuwa, akwai lokacin da ya ke zaune a wurin da wani ya zaɓar masa. Wani sa'a guda, wani kwana uku, wani shekara goma. Wannan zaman shi ne abin da na ke so mu duba.

Kwaɗon da ba a kama ba shi ke zaɓar wa kansa mazauni, ya kuwa iya zaɓe. Ko wace uwargida ta san inda a ke samunsa da rani: gindin randa, ko bayan tulu, ko ƙarƙashin turmin da aka kife kusa da magudana. Ba a taɓa ganinsa ya je ya kwanta tsakiyar tsakar gida da azahar ba. Dalili kuwa a fatarsa ya ke. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fata ya ke tsotsarsa, musamman fatar ciki da ta cinyoyi, har wani kashi na numfashinsa ma ta fata ne. In fatar ta bushe ya halaka. An ce rai dangin goro ne, ruwa a ke ba shi, to a wurin kwaɗo wannan ba karin magana ba ce, zahiri ne. Ga kuma maciji da shamuwa da balbela duk suna nemansa, saboda haka wurin da ya ke so shi ne mai laima, mai duhu, mai rufi a bisa.

Yanzu bari mu ga wurin da masu ilmi suka zaɓar masa. Akwai wani irin kwaɗo na Afirka ta Kudu, mai faratai a ƙafafun baya, wanda ba ya barin ruwa. A shekarun 1930 aka gane cewa in an yi wa macensa allura da fitsarin mace mai ciki, kafin kwana guda sai ta zuba ƙwai. Nan da nan ya zama abin awon ciki a asibitocin ƙasashe da yawa, aka yi ta jigilarsa cikin jiragen ruwa, har zuwa shekarun 1960 da aka sami hanya mai sauƙi. Da likitocin haihuwa suka sallame shi, masu binciken halitta suka riƙe. Da shi ne wani Baturen Ingila, John Gurdon, ya nuna a 1962 cewa ƙwayar halitta guda daga hanjin ɗan kwaɗo ta isa a sami wani kwaɗon sukutum, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 2012. Har akwai ƙanensa ƙarami da a ke kiwo a waɗannan ɗakuna, wanda aka ɗebo kakanninsa daga ƙasarmu, shi ya sa har yau masana ke kiran zuriyar da sunan Nijeriya. Shekara da shekaru mazaunin waɗannan bayin Allah tanki ne fayau, ba ciyawa, ba dutse, ba inuwa, fitila a bisa. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba. Tanki fayau ya fi sauƙin wankewa, ya fi sauƙin ƙirga abin da ke ciki. Watau an gina ɗaki ne domin jin daɗin mai shara, ba domin mai kwana ciki ba.

Daga baya waɗansu suka ce, me zai hana a tambayi mai ɗakin? Tun da fuskarsa ba ta magana, a tambayi ƙafarsa. A buɗe masa wuri biyu, a koma gefe a ga inda zai nufa.

Da kaji aka fara wannan dabara. A 1965 wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta naɗa domin duba halin dabbobin gona ya ba da shawara a daina shimfiɗa wa kajin keji siririyar waya, a sa mai kauri, gama a ganinsu siririyar tana cutar ƙafa. Mutanen kirki ne, da kyakkyawar niyya suka faɗa. A 1973 masana biyu suka shimfiɗa wa kaji iri-irin wayar suka bar su su zaɓa. Sai ga kaji sun fi tsayawa a kan siririyar da aka ce a raba su da ita. Wannan ya isa ya koya wa mai tausayi cewa tausayi ba ilmi ba ne. Mutum ya kan auna dabba da jikinsa, ya ba ta abin da shi zai so in da shi ne, alhali kuwa ƙafarsa ba irin tata ba ce.

Aka ƙara gyara dabarar, aka ce zaɓe kaɗai bai isa ba, sai a ga nawa dabba za ta biya. Ko a kara ma ai ba a sanin mai son saniya da gaske sai an zo ga kuɗi. A 2001 aka buga wani gwaji da aka yi a Ingila da wata dabba mai kama da tunku, wadda Turawa ke kiwo cikin keji domin gashinta. Aka sa ƙofofi masu nauyi tsakaninta da abubuwa dabam-dabam, ana ƙara nauyin a hankali. Abin da ta fi yarda ta sha wuya dominsa shi ne ɗan kwarmin ruwa da za ta yi iyo. Da aka rufe mata shi kwana ɗaya, sinadarin nan da jiki ke zubarwa a lokacin wuya ya hau a jikinta kamar yadda ya hau ran da aka hana ta abinci.

Da aka zo kan kwaɗi, amsarsu ba ta ba kowa mamaki ba, sai dai wanda bai taɓa ɗaga randa ba. A 2007 aka nuna a jami'ar Stanford ta Amurka cewa in an sa wa kwaɗin nan masu faratai abin da za su shige ƙarƙashinsa, cizon da su ke yi wa juna ya kan ragu. A 2014 masana a Manchester suka gwada wani koren kwaɗon itace mai jan ido, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya. Suka ga ya fi son wurin da aka dasa ganye, waɗanda aka rena cikin ganyen kuwa sun fi girma. A 2016 kuma, a jami'ar Chester, aka zuba waɗansu cikin tanki mai farin gindi, waɗansu cikin mai baƙi. Na cikin farin suka fi ramewa, suka fi yawan zirga-zirga suna gogar bango da hanci, matansu kuma aka sami sinadarin wuya ya fi yawa gare su. Ba yunwa, ba duka, ba zafi. Launin gindin tanki kaɗai.

To, an tambayi ƙafa ta ba da amsa. Shi ke nan an gama, kwaɗo yana jin tsoro, yana jin daɗi? A nan ne ya kamata mai hankali ya ja linzami, gama akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya gefen, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye ta.

A 1853 wani masani Bajamushe, Eduard Pfluger, ya ba da labarin gwajin da ya dami masu tunani shekaru da yawa. Ya cire wa kwaɗo kai ɗungum, ya bar gangar jiki da lakar baya. Ya ɗiga masa ruwa mai cin fata a gefe. Sai ƙafar wannan gefen ta taso ta share wurin. Ya yanke ƙafar, ya sake ɗigawa. Dungun ya yi ta ƙoƙari bai kai ba, can sai ɗaya ƙafar ta zagayo ta share. Dubi wannan al'amari! Ga abin da ya yi kama da nufi, ya yi kama da dabara, har ya yi kama da sake shawara, amma ba kai, ba ƙwaƙwalwa. Wa ya ji zafin? In gangar jiki ba kai tana iya wannan, me zai hana a ce kwaɗo mai kai ma, sa'ad da ya nufi inuwa, jiki ne kawai ke aikinsa ba wanda ke ciki yana ji? Ai ko tsiron wake da aka ajiye a ɗaki ya kan karkata wajen taga, ba wanda ya ce yana begen rana. Wannan shi ne ra'ayin Dekart, masanin Faransa da ya rasu a 1650, wanda ya ɗauki dabbobi kamar agogo: a murɗa su yi motsi, a taɓa su yi ƙara, ba kowa a ciki.

Ba a nan hujjar ta tsaya ba. Mutum in ya tsorata zuciyarsa ta kan buga da sauri, jikinsa ya ɗan yi zafi. Haka ɓera, haka kaza. Wani masani a Kanada, Michel Cabanac, ya bi dabbobi iri-iri yana ɗaukarsu a hannu a hankali yana aunawa. Ƙadangare da aka ɗauka, bugun zuciyarsa ya ƙaru, da aka sake shi kuma ya nemi wuri mai ɗumi fiye da yadda ya saba. Kwaɗo kuwa, a gwaje-gwajen da ya buga a 2000 da 2004, bai nuna ko ɗaya ba. Saboda haka ya yanke cewa motsin zuciya daga dangin ƙadangare ya fara, kwaɗo yana bayan layi. A Ajantina kuma, tun daga 1992, an yi ta wani gwaji mai ban sha'awa. Ɓeran da aka saba ba shi lada mai yawa, in aka rage masa ba zato, sai ya yi zuciya, ya yi aikin da bai kai na ɓeran da tun farko kaɗan a ke ba shi ba. Wannan mun san shi, shi ne ɓacin ran wanda aka rage wa albashi. Da aka gwada kwaɗi, ana ba su ruwa a matsayin lada, ba su yi zuciya ba. Sun dai rage sauri sannu-sannu har suka daidaita da sabon rabonsu.

Ni a ganina waɗannan hujjoji sun rushe wani abu, amma ba su rushe duka ba, harshenmu kuwa zai taimake mu mu rarrabe. Kalma guda mu ke da ita, ji, mu ke aza mata kaya da yawa. Mu ji zafi, mu ji tsoro, mu ji kunya, mu ji kewa, mu ji haushi. Da ya ke kalmar ɗaya ce, sai mu zaci abin ma ɗaya ne, wanda ya ke da ɗaya yana da duka, wanda ya rasa ɗaya ya rasa duka. Ba haka ba ne. Jaririn kwana bakwai yana jin zafin aska ran suna, amma ba ya jin kunya, ba ya jin haushin an rage masa gado. Kunya da haushi da kewa suna bukatar a riƙe jiya a gwada ta da yau. Zafi da firgita ba su bukatar wannan. Gwajin Ajantina ya nuna kwaɗo ba ya yin zuciya in an rage masa rabo. Bai nuna ba ya jin ƙishirwar da ta sa shi tafiya neman ruwan tun farko ba. Wanda ya ce kwaɗon da ke cikin tanki yana zaune yana tuna fadamar Wudil yana hawaye, tatsuniya ya ke yi, Gizo da Ƙoƙi ne suka rage. Amma wanda ya ce tun da ba ya wannan to ba ya jin kome, shi ma ya yi tsallen da ya fi na kwaɗon.

Game da kwaɗon Pfluger kuwa, abin da ya nuna shi ne laka tana da nata aiki. Mu ma haka mu ke. In ka taka garwashi, ƙafarka ta kan ɗage kafin ka san abin da ya faru, sa'an nan zafin ya iso. Ɗagewar aikin laka ce, zafin kuwa naka ne, samuwar na farko bai hana na biyu ba. Abin tambaya shi ne ko kwaɗo mai kai yana yin abin da marar kai ba ya iyawa. Yana yi kuwa. Tun 1936 wani masani a Ingila, Hugh Cott, ya ajiye kwaɗi a bakin amya. Suka lashe ƙudan zuma, aka harbe su a baki. Bayan 'yan kwanaki duk suka daina, ko da yunwa na cinsu, da aka komo da su bayan mako biyu kuma yawancinsu ba su manta ba. Ga abinci a gabansa, ga yunwa, amma ya auna ya bari saboda abin da ya same shi a baya. Tsiron wake ba ya haka. Har wa yau an gwada an gani, in an yi wa kwaɗo allurar mofin, maganin nan da a ke ba wanda aka yi wa aiki a asibiti, sai ya jure abin da da ba ya jurewa, in an ba shi makarin mofin kuma jurewar ta tafi. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo a jikinmu akwai irinsu a jikinsa. In maciji ya kama shi ya kan yi wata ƙara da baki buɗe, wadda ba ta yi kama da kukan da namiji ke yi wa mace da damina ba ko kaɗan.

Duk wannan bai kai yaƙini ba, ba kuwa zai kai ba, gama ba a shiga zuciyar wani. Kai mai karatu, ko ɗan'uwanka da kuka fito ciki ɗaya, ba ka taɓa jin ciwon haƙorinsa ba. Ka ga ya riƙe kunci, ka tuna naka, ka gaskata. Saniya ta fi ɗan'uwanka nisa kaɗan, kaza ta fi saniya, kwaɗo ya fi kaza. Hanya ce guda mai tsawo, haske yana raguwa a hankali, ba inda aka gina katanga aka ce daga nan babu kowa. Darwin ya rubuta littafi sukutum a 1872 a kan kamannin da ke tsakanin yadda mutum da dabba ke nuna abin da ke zuciyarsu. Masana na zamaninmu ma a hankali su ke matsawa. Sanarwar da waɗansunsu suka sa wa hannu a Kambirij a 2012 ta ambaci dabbobi masu shayarwa, da tsuntsaye, da waɗansu kaɗan. Wadda aka fitar a New York a watan Afrilu na 2024 ta faɗaɗa, ta ce akwai yiwuwa ta gaske cewa duk dabba mai ƙashin baya tana ji, har da kifi da kwaɗo. Yiwuwa suka ce, ba tabbas ba, ni kuwa na fi amincewa da su saboda wannan kamun bakin.

Malamanmu ba su jira an ƙera ma'aunin sinadari ba kafin su yi magana. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ya wuce ta wurin da aka karhanta kashe kwaɗi, kusa da inda aka karhanta ƙona ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. A lura da wannan na biyu. Ba a hana kashe ƙwarƙwata ba, hanyar kisan aka duba, ba a kuwa duba hanyar kisan abin da a ke ganin agogo ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan sa kwaɗo cikin magani, ya hana shi kashe shi. Amma hadisin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka kawo. Ba yanka ta ta yi ba, ba duka ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Watau wanda ya tsare dabba ya karɓe mata zaɓinta, abin da da za ta yi wa kanta ya koma wuyansa. A Basra ma, cikin ƙarni na 10, marubutan nan da a ke kira Ihwanus Safa sun tsara labarin dabbobi sun kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljannu, wakilin da dabbobin ruwa suka tura kuwa kwaɗo ne.

Kada a ɗauka ina cewa masu kamun bududdugi su bar sana'arsu. Mazhabobi sun saɓa a kan cin kwaɗo. Malikiyya sun lissafa shi cikin dabbobin ruwa sun halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana. Mutumin da ya kwana cikin ruwa da tocila, sauro na cizonsa, domin ya sami kuɗin hatsi da na maganin 'ya'yansa, ba shi ne wanda za a zauna cikin inuwa a yi wa wa'azi ba. Mu da ke cin naman sa ran Juma'a ba mu da bakin zargin mai cin kwaɗo. Amma a kan san nan mun yarda da waɗansu ƙa'idodi, ko da ba kullum a ke bin su ba: a shayar da shi, a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gabansa, a gaggauta. Kwaɗo kuwa ba a yi masa ko ɗaya, don kawai fuskarsa ba ta roƙo.

Auna kuskuren biyu ka gani. In kwaɗo ba ya jin kome, muka ba shi inuwa da ruwa, hasararmu fasasshiyar tukunya ce da guga guda. In kuwa yana ji, muka cusa ɗari cikin buhun leda muka jefar a rana, na ƙasa suna mutuwa da nauyin na bisa, fatarsu tana bushewa sa'a bayan sa'a, to abin da muka yi, sau miliyoyi a shekara, ba ƙarami ba ne. Mai hankali in ya ga ƙunshin zane a kan hanya da dare, bai tabbata ko yaro ne ko tsumma ba, ba ya bi ta kai da mota don wai ba a kawo masa shaida ba. Gyaran kuwa ba shi da tsada. Buhun algarara da aka jiƙa ya fi na leda, inuwa ta fi rana, kashewa nan take ta fi barin rana ta yi aikin. Malamin makarantar da zai ajiye kwaɗi kafin ranar darasi, ya zuba ɗan ruwa da damshin ƙasa cikin daron, ya kifa katangar tukunya a gefe, kada ya tara fiye da abin da ɗalibansa ke bukata.

Sai dai a yi hattara da abu biyu wajen tambayar ƙafa. Dabba ta kan zaɓi abin da ta saba da shi ko ba shi ne mafi kyau ba. An ga kajin da suka girma cikin keji, da aka buɗe musu fili, da fari kejin suka koma, sai da suka ɗanɗana filin tukuna suka juya. Ta kan kuma zaɓi abin da zai cuce ta, kamar tunkiyar da ta sami rumbu a buɗe ta ci hatsi har cikinta ya kumbura. Saboda haka ba a tambaya sau ɗaya a tashi, ba a kuma ɗaukar amsar wani iri a ɗora wa wani. Kwaɗin da aka ambata a gwaje-gwajen nan, ɗaya na Afirka ta Kudu ne da ba ya fita ruwa, ɗaya na kan itace ne a Amurka ta Tsakiya. Bududdugin kogin Wudil dabam ne, na gindin randa kuma dabam, ko wanne da irin zamansa.

Tambayar namu kuwa ba ta bukatar jirgin sama. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil tun 2001, kogi kuma yana nan kusa da ita. Ɗalibi guda da kwatarniya mai faɗi ya isa. Ya shafa wa rabinta baƙi ya bar rabi fari, ya sa kwaɗo a tsakiya, ya riƙa leƙawa ko wace sa'a yana rubuta inda ya same shi. Gobe ya juya kwatarniyar, domin kada ya zama taga ce kwaɗon ke gudu ba launi ba. Jibi ya kifa katangar tukunya a gefen farin, ya ga ko rufi ya fi duhu daraja a wurinsa. In ya gama da wannan, ya ɗora ɗan tudu tsakanin kwaɗon da wurin da ya fi so, ya riƙa ƙara masa tsawo, har ya ga inda zai ce a kai kasuwa.